Ranar da Ɗan Tsegumi Ya Yi Shiru

Duk abin da zan manta a ɗan zaman da na yi a maƙerar mahaifina, ban da Larabar da aka gwada injin tururi a gaban manyan garinmu. Malamin ɗakin aiki ya ce mu 'yan ajin ƙarshe kowa ya ba ku labarin wani aiki da ya taɓa sa hannu a ciki, ku da kuka fara shigowa bana. Ni ba na iya tsayawa gaban mutane, shi ya sa na rubuta nawa a karanta muku.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a ƙafa ba. Gonaki a manne suke da juna, inda ta wannan ta ƙare nan ta wancan ta fara, babu wani daji da mutum zai shiga ya saro itace. Gidanmu gidan maƙera ne tun kakanni. Baba, wanda mutanen gari ke kira Malam Haruna, ya gaji ƙira, sannan ya je birni ya koyi walda, ya dawo ya kafa rumfa a ƙofar gida. Yana yin ƙofofi da tagogi, yana gyaran amalanke da garmar shanu. Wutar lantarki ta bar garin tun ina ƙarama, wayoyin kawai ta bari, don haka da janareto yake aiki.

Ina aji huɗu na sakandare a shekarar da fetur ya tashi bai sauko ba. Mutane suka daina sa a yi musu ƙofa, wanda tasa ta lalace sai ya rataya buhu. Yaran rumfa biyu da Baba ke koya wa aiki suka tafi birni. A gida muka koma tuwo sau ɗaya, da safe a ɗumama abin da ya kwana. Maza da yawa suka tafi kudu cin rani, wasu har damina ta zo ta wuce ba su dawo ba. Wani abokin Baba da ke aikin gini a can ya dinga kiransa a waya yana cewa ana neman mai walda. Baba ya gaya wa Kaka, mahaifiyarsa, cewa idan lokacin girbi ya wuce rumfar ba ta farfaɗo ba, shi ma zai bi hanya. Ranar Kaka ba ta ci tuwonta ba, ta turo mini.

A maƙera kowa da matsayinsa. Akwai mai maƙera, shi ke riƙe ƙarfe da awartaki, shi ke cewa a buga ko a tsaya. Akwai mai masaba, wanda ke bugawa, a wurinmu Baffa Sale ne, ƙanin Baba. Sai ɗan zuga mai hura wuta, sai na ƙasa duka, mai ɗebo ruwa da share wuri da miƙa kayan aiki. Da yaran suka tafi, ƙannena maza kuma ba su kai ba, sai ayyuka biyun nan na ƙasa suka faɗo kaina. Ina dawowa daga makaranta in cire kayan makaranta in fito rumfa.

Akwai abu ɗaya da sai na bayyana, don wasunku a birni kuka tashi. Ni ce 'yar fari. A gidajen irin namu ana jin kunyar ɗan fari sosai. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, a can na girma. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ba ya kuma duban inda nake idan akwai baƙi. In yana son wani abu sai ya faɗa wa iska: a miƙo awartaki, a ƙaro ruwa. Ni ma in ina da magana, Baffa Sale nake gaya wa, ko da Baba yana zaune taku uku daga wurin. Kada ku ɗauka ƙiyayya ce. Ranar da marfin akwatin littattafaina ya ɓalle ban gaya wa kowa ba, washegari na tarar an sa masa sabon maƙalli, an goge bakin ƙarfen don kada ya yanke ni.

Dabarar injin ta zo wa Baba ne daga ganin yadda mutane ke takawa har Tsanyawa don cajin waya da batir. Ya ce idan ya sami abin da zai juya injin cajin batir na mota ba tare da fetur ba, zai kafa rumfar caji a kasuwarmu, abin da ya samu ya dinga sayen ɗan man da zai ci gaba da walda. Wata biyu yana haɗa shi. Tukunyar ruwan tsohon tankin iska ne na mai facin taya. A ƙarƙashinta akwai rabin duro da aka yanke ya zama murhu, da mariƙi na rodi a baya, don a jawo shi a zubar da toka in ya huce. Daga saman tankin bututu ya fito, da famfo a tsakiyarsa, ya ƙare da ɗan siririn baki kamar hancin allura. Tururin da ke fita ta nan yana bugun wani faifan ƙarfe da Baba ya jera wa kawunan cokula ashirin da huɗu a gefe. Faifan ya juya, bel ya ja injin caji. Ni na wanke cokulan nan ɗaya bayan ɗaya kafin a yanke su, uku daga ciki na ɗakin Kaka ne.

Akwai wani ɗan abu a saman tankin da ya kamata ku gane, don a kansa labarin yake. Rami ne ƙarami, an ɗora masa ƙwallon boris, an danne ƙwallon da sandar ƙarfe mai nauyi a baki. Idan tururi ya yi yawa a ciki sai ya ɗaga ƙwallon ya fita da fito. Shi ke hana tanki fashewa. Baffa Sale ya sa masa suna ɗan tsegumi, wai ba ya iya riƙe abin da ke cikin tukunya sai ya faɗa wa duniya.

Ga yadda ake tada injin. A zuba ruwa bokiti uku, a rufe famfo, a hura wuta. A jira har ɗan tsegumi ya yi fito, sannan Baba ya buɗe famfo a hankali. Akwai kuma geji, mai allura kamar ta agogo, wanda ke nuna ƙarfin tururi. Ramin da ya dace da shi yana bayan tankin, don haka mai tsaye wurin famfo ba ya ganinsa. Baba ya ɗiga jan fenti a inda bai kamata allura ta wuce ba. Aikina shi ne in tsuguna a baya in zuba wa gejin ido, in allura ta kai ja in ɗaga hannu, Baffa ya gani ya gaya wa Baba. Da farko hannuna da fiton tare suke tashi, kullum tare, har suka saba, suka daina duban hannun. Doka ɗaya kuma Baba ya kafa: ba mai sa sifana a jikin injin sai shi.

Ranar da injin ya fara tashi, faifan ya yi wani kuka siriri da ya sa awaki suka tsinke igiya, ƙwan fitilar da aka haɗa ya kawo haske da rana tsaka. Na ga Baba yana dariya har ana ganin giɓinsa na gefe. Kaka ta fito har ƙofar gida, abin da ba ta yi, ta tsaya tana kallon cokulanta suna gudu.

Saura abin ƙonawa. Kara ba a maganarsa, don a wajenmu kowane kara da mai shi da kuma aikinsa: darni, abincin dabba, girki. Abin da Baba ya sa rai a kai shi ne totuwar masara da ɓawon gyaɗa da ƙaiƙayin da ke taruwa a masussukar gari. Wannan sai da izinin Mai Unguwa. Rumfa a kasuwa kuma sai Sarkin Kasuwa ya yarda. Dukansu suka ce sai sun gani da idonsu, aka sa ranar Laraba bayan la'asar, sati biyu masu zuwa. Kowa a gidan ya san ma'anar ranar. In sun amince Baba ya zauna, in sun ƙi ya tafi.

A cikin sati biyun nan ne ruwa ya canza. Da ruwan sama muke amfani, wanda aka tara a duro tun damina. Da ya ƙare na koma ɗebowa daga rijiyar bayan masallaci. Ba wanda ya san ruwan nan kamar ni, don ni ke kankare butar shayin Kaka duk Juma'a, kuma kullum cikinta da farin abu mai tauri kamar kanwa. Kwana uku da fara zuba shi a tanki na ga farin zobe ya zagaye ƙwallon ɗan tsegumi. Fiton ma ya canza, ya zama kamar na mai mura, yana tofar da ruwa. Sannan ya fara makara. Ran farko sai da allura ta wuce ja da kaurin farce ɗaya kafin ya yi kuka. Bayan kwana biyu, farce ɗaya da rabi. Na dinga rubutawa a bayan littafin lissafina, rana da rana. Wata safiya kafin a hura wuta na sa tsinken tsintsiya na taɓa ƙwallon. Da can da ɗan taɓawa yake motsi. Ranar sai da tsinken ya lanƙwashe.

Na fara gaya wa Kaka. Ta ce wannan maganar maza ce, in gaya wa Sale. Na sami Baffa yana cin gyaɗa a bakin rumfa, na yi masa bayani a hankali, har na nuna masa littafin. Baffa mutum ne mai son raha, ba ya iya ɗaukar magana ya kai ta yadda aka ba shi, sai ya sa mata gishiri. Ya juya wajen Baba ya ce:

"Yaya, injiniyar gidan nan ta ce ɗan tsegumi ya fara furfura."

Baba ya yi murmushi, ya ɗauki tsumma ya jiƙa, ya goge saman ƙwallon da gefen ramin har suka yi ƙyalli. Ya ce wa iska a gode wa mai ido. Ina tsaye da bokiti a hannu, na san farin da ke da haɗari yana ƙarƙashin ƙwallon, inda tsumma ba ya kaiwa. Na san kuma maganar da na bayar ba ita ce ta isa ba. Amma an riga an gode mini, ban san yadda ake mayar da godiya a ce ba haka ba ne.

Bayan kwana huɗu, da allura ta kai farce biyu, na sake samun Baffa. Wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce in bari sai bayan Laraba, Yaya ba ya samun barci, kada a ƙara masa damuwa, kuma injin da ke tashi kullum ba a buɗe shi ana saura kwana kaɗan a nuna shi. Ya ce ai ga shi yana fito, ko makaho ya ji.

Sau uku ina zuwa bayan Baba da maganar a shirye a bakina. Na tsara ta a hanyar makaranta, gajeriya, kalma bakwai. Na ƙarshen ranar Litinin ne, yana zaune shi kaɗai yana wasa lauje. Na tsaya har inuwata ta faɗi a kan dutsen wasan. Ya dakata, bai ɗago ba, ya tambaya ko akwai abin da ake nema. Na sunkuya na ɗauki bokitin da ke gefensa, wanda babu abin da zan yi da shi, na wuce.

Kwana uku kafin Laraba ba a hura wuta ba, don a tara totuwar da ta rage. Farin ya samu lokaci ya bushe.

Ranar Laraba na dawo daga makaranta na tarar an share ƙofar gida an yayyafa ruwa. An shimfiɗa tabarmi uku a ƙarƙashin darbejiya, ɗan gangare kaɗan daga inda injin yake. Baba ya sa kaftaninsa na Juma'a, ya naɗe hannuwan. Bayan la'asar Mai Unguwa ya iso da babbar riga ruwan toka, Sarkin Kasuwa na biye da shi, sai liman da dattawa kamar goma. Yara suka cika wurin, mata suna leƙe ta saman katanga. Na zuba ruwa bokiti uku, na zagaya baya na tsuguna a wurina.

Baffa ne ke zuba totuwa, yana kuma ba baƙi dariya. Ya ce wa Sarkin Kasuwa ya kawo wayarsa a fara da ita, in ta cika sai ya kira surukansa da ya daɗe yana cewa ba caji. Sarkin Kasuwa ya ce shi damuwarsa ɗaya, rumfunan kasuwa duk kara ne da zana, yaya za a yi da wuta a tsakiyarsu. Baba ya amsa da ladabi, ya ce ransa ya daɗe, gidan nan shekara da shekaru ana kwana da wuta ana tashi da ita, ba ta taɓa fita daga inda aka ajiye ta ba. Dattawa suka gyaɗa kai, don kowa ya san maƙera da wuta.

Allura ta tashi a hankali, ta kai ja. Na ɗaga hannu. Ɗan tsegumi bai ce komai ba.

Baffa ya ba ni baya, yana ba liman labari. Baba yana tsaye hannunsa a kan famfo, fuskarsa wajen baƙi. Ko da ya juyo, na san ba zai dubi inda nake ba a gaban waɗannan mutane. Allura ta wuce farce ɗaya, ta wuce biyu. Na miƙe tsaye da hannu a sama. Wata yarinya a kan katanga ta ɗauka gaisuwa ce, ta ɗago mini nata. Allura ta shiga inda ban taɓa ganinta ba. Tankin ya fara wani ƙas, ƙas, a hankali, kamar kwano mai zafi da aka ajiye a ƙasa. A gindin waldar da ke ƙasa, daidai gwiwata, wani ɗigon ruwa ya fito, ya tafasa, ya ɓace, wani ya sake fitowa.

Na ji Baba yana cewa yau ruwan da sanyi, a ƙara totuwa.

Na kira Baffa, amma muryata ba ta wuce hayaniyar yara ba. Na buɗe baki in kira Baba, sai na tarar ba ni da sunan da zan kira shi da shi. Ƙannena suna ce masa Baba a fuskarsa. Ni a bayansa kawai nake faɗin kalmar, ban taɓa jefa ta wajensa ba ko sau ɗaya, kuma ga Mai Unguwa, ga liman. Bakina ya tsaya a buɗe. Baffa ya ɗebo totuwa cike da kwando.

Sai na kama mariƙin murhun da hannu biyu na ja. Da awartaki ake jansa, kuma sai ya huce. Ban ji zafin ba a lokacin. Na ja da ƙarfin da ya wuce kima, rabin duron ya fito gaba ɗaya, ya bugi dutse ya kife. Totuwa mulmulalliya ce. Ta gangara da wutarta ta gefen injin, kai tsaye zuwa tabarmi.

Abin da ya biyo baya bai fi minti biyu ba. Dattawa suka watse, Sarkin Kasuwa ya bar takalminsa ɗaya. Tabarma ta kama, gefen rigar Mai Unguwa ya ci wuta kamar faɗin tafin hannu, darnin maƙwabcinmu ma ya fara hayaƙi kafin a zuba masa ƙasa. Yara suna ta dariya. Baba ya zagayo baya da sauri, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, sai idonsa ya faɗa kan gejin. Ya tsaya cak. Ya koma ya ce kowa ya matsa, ya buɗe famfo. Tururin da ya fito ya fi ƙarfin faifan. Ya yi ƙara kamar za a tsaga kunne, bel ya tsinke, cokula biyu suka ɓalle. Ɗaya ya tafi ya kafe a jikin ginshiƙin rumfa, daidai tsayin kan yaro.

Mai Unguwa ya karkaɗe rigarsa, ya dubi cokalin da ke kafe, ya daɗe yana dubansa. Bai yi faɗa ba. Ya ce:

"Malam Haruna, Allah ya ba ka basira, wannan ba mai musu. Amma masussuka hatsin mutane ne, kasuwa kuma dukiyarsu. Ba zan iya ba."

Sarkin Kasuwa yana neman takalminsa ya ƙara da cewa idan a ƙofar maƙera ma wuta ta ƙwace, ina ga tsakiyar kasuwa. Baba ya raka su har bakin hanya yana ba da haƙuri. Sai a lokacin na dubi hannuwana. Tafin duka biyun ya yi fari, layin rodi ya kwanta a kai.

Kaka ce ta kai ni wurin mai magani aka wanke aka naɗe. A hanya Baffa, da ya biyo mu, yana ta faɗa, wai me ya shiga kaina, wai na san abin da na jawo kuwa. Da muka dawo ya je ya leƙa tankin, ya ga inda waldar ƙasa ta fara yoyo, daga nan ban sake jin muryarsa ba har aka yi magariba.

Washegari da hantsi ban je makaranta ba. Ina zaune a bakin zaure Baba ya kwance ɗan tsegumi. Ƙwallon ya manne da ramin kamar an yi masa walda, sai da ya sa ƙusa da guduma kafin ya fita. Ya aika aka karɓo tsamiya a cikin gida, ya jiƙa, ya jefa ƙwallon da mazauninsa ciki. Kafin Baffa ya gama shan kokonsa farin ya narke, ƙwallon ya koma yana rawa a raminsa kamar ranar farko. Baba ya tambayi Baffa tun yaushe abin ya fara. Baffa bai ɓoye ba. Ya ce an gaya masa sau biyu, na farko ya mai da shi wasa, na biyu ya ce a bari. Na tashi na ɗauko littafin lissafina da gefen hannu, na ajiye kusa da ƙafar Baffa, shi kuma ya miƙa. Baba ya bi layukan da yatsa, daga ranar farko har ta ƙarshe. Ya rufe littafin, ya dubi bango.

"Kwana goma sha ɗaya," in ji shi. "Aikin minti goma."

Can ya sake cewa, murya ƙasa-ƙasa, yana duban bangon dai:

"Da ya fashe, Sale, wa ke tsugune a bayansa?"

Baffa ya sunkuyar da kai. Baba ya tashi ya shiga gida, bai fito ba sai azahar.

Ya koma wurin Mai Unguwa sau ɗaya, ya yi masa bayanin ruwan rijiya da tsamiya, ya roƙi a sake gwadawa. Aka ce masa a bari sai baɗi, kowa kuma ya san abin da hakan ke nufi. Bayan sati biyu ya ɗaure abin riƙe wayar walda da gilashin fuskarsa a cikin buhu, Baffa ya kai shi Tsanyawa a kan keke ya hau mota. Ya yi sallama da kowa a tsakar gida. Da ya zo ƙofar ɗakin Kaka ya ce a dinga canza ƙyallen hannu kullum, kada a bari ya jiƙe. Ina ciki, bayan labule.

Har yau a garinmu labarin da ake bayarwa shi ne 'yar Haruna ta tsorata da ƙarar inji ta zubar da wuta a kan manya. Baba bai gyara musu ba, don uba ba ya tsayawa a bainar jama'a ya yabi ɗan farinsa. Ni ma ban gyara ba. Kuma ko da an gyara, ban ga abin yabo ba. Jan murhun da na yi shi ne abu mafi sauƙi a cikin duk abin da ya kamata in yi.

Abin da aikin nan ya koya mini, shi nake so ku riƙe kafin ku taɓa kowane inji a ɗakin nan. Mutanen sana'armu suna da ladabi, kuma ladabin yana da kyau, shi ke sa yaro ya zauna shekara biyar yana koyo. Amma ƙarfe da tururi ba su san wa ke jin kunyar wa ba. Na ga kuma yadda magana ke raguwa in ta bi ta bakin wani. Na ba da ita da nauyinta, ta isa a matsayin wasa, kuma wanda ya kai ta ba mugu ba ne, yana son yayansa kamar yadda nake sonsa. Mai matsayi na ƙasa, mai shara da ɗebo ruwa, shi ya fi kowa kusa da inji, shi ke fara ganin ɗigo da tsatsa da canjin murya. In kun gani, ku je wurin wanda hannunsa ke kan famfo, ku faɗa da bakinku, ku faɗi inda allura ta kai, ku tsaya har sai kun tabbata abin da kuka faɗa shi aka ji. In muryarku ta yi rawa, ta yi. In an yi muku dariya, a yi.

Ni na yi shiru kwana goma sha ɗaya. Bana rani na uku ke nan rumfarmu tana rufe, Baba yana kudu.